Hoton da na ɗauka ta kafar zana

Assalamu alaikum. Mai kula da wannan shafi, ina gaishe ka, da kai da masu karantawa. A ɓoye sunana. Wanda zai zage ni don Allah ya bari sai ya kai ƙarshe, in ya so ya zage ni da hujja. Sunayen da ke ciki duk na canza su.

Komawa hoton biki wahala ne. Ba zan yi wa maganar ado ba, wahala ne kawai. Ni ban yi boko mai nisa ba, daga firamare aka kai ni Kano wurin wani mai sutudiyo, ina shara ina wanke hoto har hannuna ya faɗa. Daga nan wata jarida ta ɗauke ni, na yi mata sama da shekara ashirin. Gobarar kasuwa, ambaliya, zaɓe, hatsarin mota, duk inda mutane ke gudu suna fitowa ni nan nake kutsawa. An fasa min kyamara, an fasa min baki, na shiga bayan kanta saboda hoton da wani babba bai so ba. Rannan aka tara mu a ofis, wani yaro mai kwat da ban taɓa gani ba ya ce yanzu kowa da waya a aljihunsa, jarida ba ta bukatar mai hoto na musamman. Shi ke nan. Ko ruwa ba a ba mu ba. Na kwaso iyalina na dawo Gumel, na kama shago, na sa aka rubuta a allo wai ana ɗaukar hoton biki da suna.

Kun san abin da ake nufi da hoton biki? Ka tsaya cikin rana tun hantsi kana jiran amarya ana shafa mata hoda. 'Yan mata sa'o'in 'yata suna ƙwala min kira, mai hoto, mai hoto, kamar uwata ba ta raɗa min suna ba. Baba ka ƙara min haske. Baba ka goge min ƙurjin nan. Baba ka rage wa ango tumbi. A jarida abin da aka koya min shi ne, in mutum ya san kana ɗaukarsa to hoton ya mutu, ba ka cewa tsaya nan, ba ka cewa yi murmushi, ka zama kamar bango ka jira gaskiya ta fito. A biki kuwa wannan mataccen hoton ake so, a yi masa kwalliya a sa a firem a rataye a falo. Na haɗiye na yi, ya zan yi, akwai bakuna a gida. Abu ɗaya ya taimake ni, furfura. Magidanta da ba za su bar saurayi ya leƙa zaure ba suna barina in shiga har tsakar gida cikin mata. Daga Gumel har Gagarawa, Maigatari, Sule Tankarkar, abin da ake cewa shi ne, a kira dattijon nan, ba ya kallon abin da ba a sa shi ba. Wannan shaidar ita ce jarina, ba ni da wani.

Bayan kakar bara wani yaro, zan kira shi Sadisu, ya zo shagona neman mai ɗaukar hoton bikinsa. Gyaran waya yake yi da sayarwa a bakin kasuwar Maigatari, yaro mai ladabi, ba ya gaishe ka a tsaye. Zai auri 'yar Fulani daga wata ruga a gefen Ɗanzomo, ta yi makarantar kiwon lafiya, wayarta ta kawo gyara suka daidaita. Ubanta, zan kira shi Baffa Buba, ya jima bai yarda ba, wai yaran gari ba su da kunya, daga baya ya ga tana so ya ce Allah ya sa alheri. Kuma 'yar fari ce. Ku mutanen birni da kuka manta, bari in tuna muku. Bafillatani ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi ko da ciwo yake. Yarinyar nan tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakin ubanta. Ranar da za a kai ta kuwa ko inuwarsa ba a so a gani, zai ɓace ne kamar ba 'yarsa ake aurarwa ba, kuma wannan ɓacewar ita ce mutuncinsa.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, motoci sun iso, ina cikin gida wajen mata. Ana guɗa, an lulluɓe yarinya da mayafi tana kuka, gwaggonninta suna yi mata faɗa suna kukan su ma. Na ja da baya don kowa ya shiga hoto, sai bayana ya tokari zana, ta ɗan buɗe. Na waiga don in gyara. Ta wannan 'yar kafar na hango garke can nesa bayan rumbuna, ba kowa sai shanu da mutum ɗaya. Baffa Buba ne. Ya jefar da sanda, malfa ta faɗi ƙasa, ya rungume wuyan wata farar karsana ya kifa fuska a jikinta, kafaɗunsa suna rawa. Daga baya na ji karsanar ta yarinyar ce, jikar saniyar da ya ba ta ranar suna. Can ya ɗago, rana ta yi ja ta bugi gefen fuskarsa, gemu sharkaf da hawaye. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Hannuna ne ya shiga jaka ya ciro dogon gilashin nan mai jawo nesa, wanda ban ɗora ba tun da na bar jarida, ya ɗora, ya danna. Na mayar da zana na juyo na ce wa ƙawayen amarya ku matso ku yi murmushi. Ba wadda ta lura.

Ban sa shi a albam ba, ban haukace ba tukuna. Amma a shago in ba kowa sai in buɗe shi a kwamfuta in zauna ina kallo. Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, a duk rayuwata ban taɓa ɗaukar hoto kamarsa ba. Ba haske na ƙara, ba abin da na goge. Shekaru ina rage wa angwaye tumbi, ga shi ashe idona bai mutu ba. To wa zan nuna wa? Mai ɗakina? Da na nuna mata cewa ta yi, "Kai da aka kira ka ɗauki amarya, me ya kai ka garke? Goge abin nan." Ban goge ba. Akwai wani Garzali da muka yi aiki tare a jarida, ni na koya masa riƙe kyamara, yanzu yana da shafin labarai a intanet, in mun yi waya yakan tsokane ni wai Oga an koma ɗaukar gwaggwaro. Shi na tura wa. Na rubuta masa, duba nan ka sake cewa na tsufa, amma kai kaɗai. Kai kaɗai na ce. Da Hausa na rubuta, ba da wani yare ba.

Ba a yi kwana biyu ba hoton ya cika wayoyi. Ya ɗora a shafinsa ya rubuta wani dogon surutu a kan soyayyar uba, mutanen birni suna ta zuba masa zuciyoyi suna cewa Allah sarki. Wataƙila kai da kake karanta wannan ka danna masa, ka tura wa 'yan gidanku, ka ji daɗi a ranka wai kai mai tausayi ne. Ka tambayi ko mutumin ya yarda? Na kira Garzali. Kun san abin da ya fara fita daga bakina? Wannan ne abin da ya fi ci min rai. Ban ce don me ka tozarta dattijo ba. Cewa na yi, "Ina sunana?" Ya yi dariya ya ce, "Oga ai kai ka ce sirri ne, shi ya sa na rufa maka asiri." Sai a lokacin hankalina ya dawo na ce ya cire. Ya ce, "In cire me? Al'adarmu na tallata. Ka ga yadda mutane ke kuka a ƙasan hoton kuwa?" Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa ɗan Musulmi ba. Ya cire, amma me ya rage? Ya riga ya shiga ko'ina, har mutanen Damagaram masu kawo shanu suna nuna wa juna.

A birni abin tausayi ne. A karar Maigatari, wato kasuwar shanu, abin dariya ne. Mutumin da ya yi shekara talatin yana shiga kasuwar nan ana matsa masa hanya, yanzu yara 'yan kamasho suna ɗaga masa waya. Mu Mangawa abokan wasan Fulani ne, duk abin da muka faɗa masa ba shi da ikon fushi, kuma mutanenmu ba su raga masa ba. 'Yan uwansa Fulani su kallo kawai suke yi masa, kuma na san wannan ya fi yi masa ciwo.

To wa ya ɗauka? Ba suna a jiki. Ni mata sun shaida ina cikinsu tun daga farko har aka fita da amarya, kuma ba wanda ya san akwai gilashin da zai kamo hawayen mutum daga wannan nisan. Shi kuwa Baffa Buba da ya bar garke ranar, ya hangi Sadisu da abokansa a gindin wata tsamiya a bakin hanya, sun laɓe suna jiran motoci su fito, tunda ango ba ya shiga gidan surukai ranar. Waya a hannun Sadisu. Hoto a waya ya fito, wa ke sana'ar waya? A wurin tsoho magana ta ƙare. Ya aika aka gaya wa yaron kada ya ƙara taka masa ruga.

Sadisu ya zo shagona. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, idonsa ya faɗa. Ya ce, "Baba, don girman Allah, ba zargi ba ne, tambaya ce. Ni gyaran waya nake yi, na san waya ba ta ɗaukar irin wannan hoton. Ko cikin kuskure ne?" Na taso masa. Na ce ni za ka zo ka tuhuma a shagona, da furfurata? Na jawo kyamara na buɗe masa hotunan bikin kaf, na ce duba, ka ga saniya a ciki? Ai na riga na kwashe wancan na ɓoye. Yaron nan ya ba ni haƙuri. Ya kama ƙafata ya ce, "Baba ka yafe min, ruɗewa ce." Ni kuma na ce na yafe, Allah ya tona asirin wanda ya yi. Da bakina na faɗa. Wane irin mutum ne ke yin wannan addu'ar a kan kansa don ya tsira da allon shago?

Na ce wa kaina zai wuce, mutane za su samu wani abin dariya. Bai wuce ba. Yanzu damina ta yi nisa, yarinya tana da ciki ya tsufa, kuma haihuwar fari ce, dole a kai ta gidan iyayenta ta haihu ta yi wanka. Tsoho ya ce a kawo ta, amma in ta shigo ta shigo ke nan, ba zai mayar da 'yarsa hannun wanda ya mai da shi abin kallo ba. Manya sun je, liman ya je, ya saurare su ya ba su nono ya raka su bakin hanya, bai canza ba. Yarinya tana son mijinta, tana kunyar ubanta, ba ta da bakin magana a tsakani. Aure zai mutu da jariri a ciki saboda ni na so Garzali ya ce min Oga har yanzu kana nan.

Jiya Alhamis na kai wa wani albam a Maigatari, na ratsa ta kara, ban san me ya ja ni ba. Na same shi tsaye kusa da shanunsa, dillalai sun kewaye shi. Ɗaya ya ce, "Baffa Buba, yau ka zo da hankici ko mu ara maka?" Wani ya dafa bijimi ya ce, "Wannan a rage mana kuɗi, hawaye ya jiƙa fatar." Wani tsohon Bamange da ya isa ya san daidai ya ce, "Ashe Fulani kuna da ruwa a ido? Mu mun ɗauka nono ne kawai a jikinku." Aka fashe da dariya. Shi ma ya yi murmushi, don dole ne ya yi, ya ce, "Ku dai ku saya ko ku matsa, bayin banza." Amma na ga hannunsa a kan sanda. Aikina ne ganin irin wannan.

Sai ya hango ni. Na so in nutse. Ya yafito ni, ya ja ni bayan wata tirela da ake loda shanu, inda ba mai ji. Ya gaishe ni da mutunci, ya tambayi iyali. Sannan ya rage murya ya ce, "Malam mai hoto, kai ka san wannan aikin. Ana iya kashe hoto?" Na ce kamar yaya Baffa? Ya ce, "A bi shi duk wayar da ya shiga a fitar. Ko sa ne zan sayar." Na ce ba ya yiwuwa. Ya kalli ƙasa ya ce, "To ko na mutu ina nan ina wannan abin ke nan." Bai iya cewa kuka ba. Na ce Baffa, yaron nan fa ya ce ba shi ba ne. Ya ce, "Ya faɗa. Har ya ce zai dafa Alƙur'ani, na ce kada ya dafa, kada ya halaka ya bar mana maraya. Da idona na gan shi a gindin tsamiya. Jibi za a je a ɗauko yarinyar nan." Ko a nan bai kira sunanta ba. Ya laluba aljihu ya ciro goro ya ba ni, ya ce, "Kai kuwa mata sun ce ko ɗaga kai ba ka yi ba a gidana. Allah ya yi maka albarka." Na karɓa. Na ce amin.

Ina jin haushin Garzali, in na gan shi ban san abin da zan yi ba. Ina jin haushin yaron nan mai kwat da ya watsar da ni bayan na tsufa a aikinsu. Ina jin haushin waɗanda suka koya min cewa hawayen mutum kaya ne, in ka gani ka ɗauka ka kai ofis a yaba maka, ba wanda ya taɓa ce min akwai ranar da za ka gani ka kau da kai. Ina jin haushin dillalan kara, da ku masu danna zuciya. Amma duk in na gama zagayen, wa ya ɗora gilashin? Wa ya tura? Wa ya bar yaro ya kama masa ƙafa?

Kada wani ya ce min ai sai ka je ka faɗa kawai, kamar abu ne mai sauƙi. In na faɗa, kafin sati labari ya kai Gagarawa, ba magidancin da zai ƙara barina in wuce zaure, kuma suna da gaskiya. A shekaruna wace sana'a zan koya? Ina da 'ya'ya a makaranta. Ban da wannan, faɗar ma wani tozarcin ne. Har yau ba wanda ya tsaya a gaban tsohon nan da gaske, ba da wasa ba, ya ce masa na gan ka. Ni zan zama na farko, in dubi idonsa in ce ina tsaye a cikin gidanka, a cikin matanka, na leƙa ka na ɗauka. Na san in Sadisu ya ci karo da wannan rubutun zai gane ni, wataƙila ma shi ya sa nake rubutawa, ban sani ba. Amma ko ya gane ba abin da zai gyara, tsoho ba zai yarda da komai da ya fito daga waya ba. Sai dai baki da baki, daga wanda ya yi.

Yau da safe bayan na dawo daga masallaci na buɗe shago na wanke hoton, ƙwaya ɗaya, na sa a ambulan. Na rataya jakar kyamara har da dogon gilashin, don in nuna masa yadda aka yi. Na hau babur na kama hanyar Ɗanzomo. An yi ruwa, hanya duk taɓo. Da na kusa rugar sai na tsaya a gindin tsamiyar nan, inda yaron ya tsaya. Na duba. Daga wurin ko garken ba a gani, rumbuna sun tare shi gaba ɗaya. Duk wanda ya zo ya tsaya a nan zai san yaron bai yi ba, amma ba wanda ya zo ya tsaya.

Ina nan sai ga shi ya fito da shanu ta burtali, farar karsanar tana gaba, rana ta fito daga bayan gero ta zubo musu, ƙasa tana tururi. Sai na ji ƙarar zif. Hannuna ne a kan jaka, ya riga ya buɗe ta rabi. Na buge shi da ɗaya hannun kamar na yaro. Tsoho ya hango ni daga nesa, ya gane ni, ya ɗaga sanda yana gaisuwa. Na ɗaga masa hannu. Na tada babur na juya.

Yanzu ina teburin mai shayi a Ɗanzomo, shayi ya huce, ambulan tana aljihun gaba tare da goron da ya ba ni. Gobe za a ɗauko yarinya. Rugar ba nisa daga nan, Gumel ma ba nisa. Jama'a, ku faɗa min tsakaninku da Allah, me zan yi?